Shin ya halatta Musulmi ya bar iyalinsa ya shiga daji kamar ruhubanawan Masar?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni ɗan kasuwa ne, ina da mata da yara biyu kuma mahaifiyata tana raye. Wallahi Malam na gaji, kasuwa ba abinda ke ciki sai ƙarya da rantsuwa da cin amana. Kwanaki naga wani bidiyo akan Kiristocin farko a Masar da suka bar dukiya suka shiga hamada suna bauta har mutuwa, tun ranar abin ya tsaya min a rai. Shin nima zan iya barin komai in samu wani daji in zauna ni da Ubangijina?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan uwa, Allah ya saka maka da alheri da wannan zuciyar, don ba kowa bane ƙaryar kasuwa take damunsa. Amma amsar a taƙaice ita ce bai halatta gare ka ba, kuma bari in faro maka daga su mutanen da ka gani ɗin tunda Alƙur'ani da kansa ya yi maganarsu.

Asalin abin gudun ceton addini ne. A shekara ta 250 bayan haihuwar Annabi Isa (AS) sarkin Rum Dakiyanus ya tilasta kowa ya yi yanka wa gumaka, wanda ya ƙi a ɗaure shi ko a kashe, shi ne sarkin da da yawa daga malaman tafsiri suke cewa a zamaninsa Ashabul Kahfi suka gudu kogo. A irin wannan lokacin ne ake cewa wani saurayi Bulus daga yankin Tibes na kudancin Masar ya tsere hamada bai dawo ba. Toh wannan kam ba wanda zai zarge shi.

Wanda sunansa ya fi fita shi ne Antoniyus, an haife shi wajen 251, iyayensa suka rasu yana ɗan shekara kamar 20 suka bar masa gonaki da ƙanwa ƙarama, sai ya ji ana karantawa a majami'a cewa in kana son cika ka sayar da abinda ka mallaka ka ba matalauta, shikenan ya rabar da gonakin, ya damƙa ƙanwar a hannun wasu mata masu ibada, ya fara zama a maƙabarta, daga nan ya shige wata tsohuwar ganuwa da aka ƙaurace wa a Fisfir ya yi kusan shekara 20 a rufe, abincinsa gurasa da gishiri da ruwa, daga baya ya ƙara nausawa wani dutse kusa da Bahar Maliya inda ya rasu a 356. Tun yana raye kuma Bakumiyus, wanda tsohon soja ne, ya tara irinsu wuri ɗaya a Tabannisi da doka da shugaba da lokacin cin abinci, suna saƙa tabarmi da kwanduna suna sayarwa. Kwarin Wadi Naɗrun a arewacin Masar ma ya cika da su, har yau akwai gidajensu a can.

Ka lura da kyau anan. A 313 sarki Kustantin ya ba Kiristoci 'yancin addini, tsanantawa ta ƙare, amma maimakon mutane su dawo gari sai ma tururuwa hamada ta ƙaru. Kaga abinda ya faro da larura ya koma hanyar ibada mai zaman kanta, rashin aure ya zama daraja, wahalar da jiki ya zama abin gasa, har aka kai ga Sam'anu a ƙasar Sham kusa da Halab ya hau kan ginshiƙi ya yi sama da shekara 30 a kai har ya mutu a 459.

Wannan shi ne abinda Allah ya faɗa a Suratul Hadid aya ta 27, cewa ruhubananci, wato barin duniya da aure a keɓe don ibada, su suka ƙago shi, ba Mu wajabta musu ba, sun yi ne don neman yardar Allah, sannan basu kiyaye shi yadda ya kamata ba. Dubi adalcin Alƙur'ani, bai ce niyyarsu mummuna bace. A Ma'ida aya ta 82 ma ya yabi wasunsu da rashin girman kai, a Tauba aya ta 34 kuma ya tona waɗanda suke cin dukiyar mutane da ƙarya. Sayyidina Abubakar da ya tura runduna Sham ya ce waɗanda suka tsare kansu a ɗakunan ibada a ƙyale su. Don haka bama zaginsu, amma bama bin hanyarsu.

Mu namu an riga an yanke mana. Mutum uku suka zo gidajen matan Annabi (SAW), ɗaya ya ce zai riƙa sallah dare duka, ɗaya azumi kullum, ɗaya ya ce shi da mata har abada, Annabi ya ce ni na fi ku tsoron Allah amma ina azumi ina sha, ina sallah ina barci, ina aure, wanda ya ƙi sunnata baya tare da ni. Bukhari da Muslim ne. Usman bin Maz'un ya nemi izinin barin aure don ibada aka hana shi. Kai kuma naka ya wuce nasu nauyi, su kansu kawai suka so su takura, kai akwai mace da igiyar aurenka a kanta, da yara biyu, da uwa. Ciyar da su wajibi ne, keɓewa ko a inda ta halatta nafila ce, kuma ba a zubar da wajibi don nafila. Ni kullum in na karanta labarin Antoniyus ƙanwar nan ce take tsaya min a rai, marainiya ce fa.

Wani zai ce ai akwai hadisin Abu Sa'id cewa lokaci na zuwa da mafi alherin dukiyar Musulmi tumaki ne da zai bi kan duwatsu da su yana gudu da addininsa. Haka ne, ya inganta, amma wannan ga wanda fitina ta kai ba zai iya riƙe addininsa a gari bane, kai kuwa ana kiran sallah a unguwarku kana zuwa jam'i da Juma'a ba mai hana ka. Halinka shi ne na hadisin Ibn Umar, muminin da yake cuɗanya da mutane yana haƙuri da cutarwarsu ya fi wanda baya cuɗanya.

Abinda zan baka shawara, ka yi i'itikafi a goman ƙarshe na Ramadan bayan ka ajiye wa gida cefanensu, ka ware lokaci bayan asuba ko sulusin dare ka kashe waya, ka rage zaman majalisa. In layin da kake a kasuwa ba a cin riba sai da rantsuwar ƙarya to ka canza kaya ko ka canza wuri ko da ribar zata ragu. Kuma in wannan ƙuncin ya kai baka barci, baka son ganin kowa har iyalinka, dan Allah kaje kaga likita, kuma ka zauna da mahaifiyarka ka faɗa mata abinda ke damunka ta sa maka albarka.

Wallahu a'alam.