Labarin Kakanka Fursunan Yaƙi

Malam, ka tambayi yadda za ka adana labarin kakanka da aka kama a Yaƙin Duniya na Biyu don dangi su ji. Tun yana da ƙarfinsa, ka naɗi muryarsa a waya. Kada ka fara da azabar sansani. Tambaye shi me suke ci, su wa suka zauna tare, yaya aka sako su. Sauran zai fito da kansa, in ya yi shiru ka ƙyale shi. Sannan ka rubuta wa Kwamitin Red Cross na Duniya a Geneva, suna ajiye da bayanan fursunonin yaƙi. Ka haɗa da cikakken sunansa da lambarsa ta soja. Amma ka nemi izininsa kafin ka tura wa dangi.