Gidan haya a Najeriya, mai gidan a Ingila

Wata 'yar'uwa da ke aikin jinya a Ingila ta rubuto tana neman shawara. Ta tara abin da Allah ya hore mata, tana so ta aika wa yayanta a Najeriya ya saya mata gida a zuba 'yan haya, shi kuma ya riƙa karɓar kuɗin yana ajiye mata. Yayan ya ce tunda ba ta nan, a sa sunansa a takarda tukuna, in ta dawo sai a sauya. Tana tambaya ko ta amince, da kuma abin da ya kamata ta kiyaye.

'Yar'uwa, Allah ya sanya albarka a guminki. Maganar sa sunan Yaya a takarda dai, kada ki yarda da ita. Ban san shi ba, kuma na ɗauka mutum ne mai amana, amma rai na hannun Allah. Ranar da ta Allah ta kasance a kansa, duk gidan da ke ɗauke da sunansa zai shiga cikin abin da ya bari, matansa da 'ya'yansa su ne magada, ke kuma sai ki koma neman shaidun da za su ce kuɗinki ne. Ko yana raye ma, in bashi ya hau kansa, masu binsa gidan za su duba. Sannan sauya sunan nan da yake faɗa ba aikin yini ɗaya ba ne. A ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, filayen kowace jiha suna hannun gwamnanta ne a matsayin amana. Abin da mutum yake samu haƙƙin zama ne, wanda takardar da ake kira C of O take tabbatarwa, galibi na shekara 99, kuma ba a mayar da shi ga wani sai da amincewar gwamna. Ke nan in an saya da sunan Yaya, za ki biya kuɗin rajista da na lauya sau biyu, ki yi jira sau biyu. Rashin kasancewarki a ƙasar bai hana a rubuta sunanki tun farko ba.

Abin da za ki ba shi ita ce takardar wakilci, wadda lauya zai tsara, ki sa hannu a gaban jami'in tabbatar da takardu a can inda kike. A fayyace abin da aka wakilta shi a kai: karɓar takardu, sa 'yan haya, kula da gyara. A rubuta ƙarara cewa ba shi da ikon sayarwa ko jinginarwa. Lauyan kuma ke za ki nemo shi ki biya shi, kada ya zama na mai sayarwa ko abokin dillali. Kafin sisi ya fita daga hannunki, ya je ma'aikatar ƙasa da safayo ya binciko fayil ɗin: sunan wa ke ciki, an jinginar wa banki ko ba a jinginar ba, akwai shari'a a kai ko babu, gwamnati ta ware wurin don hanya ko wani aiki. In gidan gado ne, sai duk magada sun sa hannu, har mata da waɗanda suke nesa. Rigingimun gidaje da yawa daga nan suke tasowa, wani ya sayar, shekaru su wuce, ƙanwarsa ta zo ta ce ba da saninta ba.

Na san inda gizo ke saƙa. Nauyin Yaya kike ji, kina ganin in kin ce a rubuta, kamar kin ce ba ki yarda da shi ba. Ki tuna aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu, kuma muminai aka yi wa magana a cikinta. Da wannan za ki buɗe zancen. Ki kuma yanka masa ladan wahalarsa, wani kaso sananne daga kuɗin haya, ko da ya ce ba ya so. Wanda yake yi miki aiki kyauta ba ki da bakin tambayarsa lissafi, shi ma in ya matsu ya taɓa kuɗin zai ga ai haƙƙin wahalarsa ya ɗauka. In kin ga hakan zai kawo tsami a tsakaninku, ki ba ejan mai rajista aikin, Yaya ya zama mai leƙawa kawai. Kuɗin haya kuwa ya riƙa faɗawa asusun banki mai sunanki kai tsaye, ɗan haya ya turo shaidar biya.

Sai lissafi, wanda a nan ne 'yan ci-rani suka fi ruɗin kansu. Dillali zai gaya miki hayar shekara, ya yi shiru a kan sauran. Ki haɗa duk abin da gidan zai ci kafin ɗan haya na farko ya shiga: kuɗin saye, la'ada, lauya, rajista, gyaran farko. A ce duka ya kama 100, hayar shekara kuma 8. Cire watannin da ɗaki zai zauna babu kowa, cire fenti da famfo da rufin da zai yi yoyo, cire ladan mai kula da harajin fili. Ba mamaki ki tarar 5 ne ya rage. Wannan 5 ɗin shi ne ribarki, kuma da naira za a biya ki alhali da fam kika saya. A watan Yunin 2023, lokacin da Babban Bankin Najeriya ya saki farashin canji, dala tana wajen naira 460 a hukumance, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta kai wajen 1,500. Wanda ya sayi gida kafin lokacin, hayarsa in an juya ta zuwa kuɗin waje ta zube ƙasa warwas, domin ba a iya ninka wa ɗan haya kuɗi sau uku a shekara ɗaya. Saboda haka ki tambayi kanki me kike so da kuɗin hayar. In don ɗawainiyar iyaye da karatun ƙanne ne, ko don ranar da za ki koma gida, shawara ce mai kyau, tunda da naira za a kashe. In kuwa so kike ya riƙa taimaka miki da hidimar Ingila, ki sake tunani.

Wajen zaɓen gida, 'yan haya za ki duba, ba abin da zai burge dangi ba. Ƙananan sassa uku ko huɗu kusa da makaranta, asibiti ko kasuwa sun fi katafaren gida ɗaya, domin in mutum ɗaya ya tashi sauran suna biya. Kowane sashe da mitarsa ta wuta. A tabbatar da ruwa. A je a ga unguwar da damina, kuma in da hali ki je da ƙafarki, gani ya kori ji. Kowane ɗan haya a yi yarjejeniya da shi a rubuce, a ɗauki hoton ɗakunan ranar da ya shiga. In ya daina biya, takardar sanarwa da kotu ne hanya, kada Yaya ya cire ƙofa ko ya watso kaya waje, don ke za a kai ƙara.

Akwai kuma abin da ya shafi zamanki a can, wanda mutanenmu da dama ba sa sani sai aski ya zo gaban goshi. Mazaunin Birtaniya yana biyan haraji a kan abin da ya samu ko'ina a duniya, har da hayar gida a Najeriya, kuma shi ne zai sanar da HMRC, hukumar harajin ƙasar, da kansa. Tun 6 ga Afrilun 2025 aka soke tsohon tsarin da ke ba baƙi damar ƙin biya muddin ba su shigo da kuɗin ba, sai dai wani sassauci na shekara huɗu na farko ga sababbin zuwa. Akwai yarjejeniya tsakanin ƙasashen biyu tun 1987 don kada a karɓi haraji sau biyu a kan kuɗi ɗaya, shi ya sa duk rasit ɗin abin da aka biya a Najeriya za ki adana shi. Abin da ya fi wannan nauyi: in kina da burin sayen gidan zama a Ingila, mallakar gida a ko'ina a duniya tana fitar da ke daga sahun masu sayen gidan farko. Za ki rasa rangwamen harajin sayen gida da ake yi musu, ba za ki iya amfani da asusun ajiya na Lifetime ISA, wanda gwamnati ke ƙara wa kashi 25, wajen sayen ba, kuma in gidan Najeriyar ya kai darajar fam 40,000, ana iya ɗora miki ƙarin harajin kashi 5 na kuɗin gidan Ingilar, wanda ake ɗora wa masu sayen gida na biyu. Wani lokaci jeranta abubuwan kawai ke raba riba da asara: a fara sayen na zama a can, na haya ya biyo baya. Ki zauna da akanta ko lauyan gidaje a inda kike kafin ki tura ko kwabo.

Zakka kuma, abin da mafi yawan malamai suke kai shi ne ba a fitar da ita a kan ginin da aka ajiye don haya, sai a kan kuɗin hayar da ya taru ya kai nisabi, shekara ta zagayo a kansa. Wannan ma dalili ne na ware masa asusu shi kaɗai.

Kada ki zuba duk abin da kika tara a gini. Bizar aiki tana iya tangarɗa, gida kuma ba ya sayuwa a mako ɗaya. Ki bar abin da zai riƙe ki wata shida a hannu, sannan ki kira Yaya ki gaya masa sunanki za a rubuta, kuma lauyanki zai tuntuɓe shi. Allah ya sa a dace.