Hawan Jini da Haɗin Kemis

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifiyata tana da shekara 61, shekara uku ke nan tana shan amlodipine da lisinopril saboda hawan jini. Da shigowar hunturu gwiwoyinta suka matsa mata, sai na riƙa sayo mata haɗi a kemis ɗin unguwarmu. Ranar Talata aka gwada ta a asibitin Shika, jinin ya kai 170/100. Ko maganin asibitin ne ya daina yi mata aiki? Daga wata mai karatu, Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Allah ya ba Hajiya lafiya.

Ni haɗin nan nake zargi. In kika kwance ƙullin ledar, da wuya ki rasa diclofenac, ibuprofen ko piroxicam a ciki. Waɗannan suna sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa, jini ya hau, kuma suna rage wa lisinopril ƙarfi. Ga dattijuwa kamar Hajiya, shan su kullum tare da lisinopril na iya taɓa ƙodar ita kanta, abin da ya fi damuna ke nan. Wasu masu kemis har prednisolone ko dexamethasone suke jefawa, irin wanda 'yan mata ke sha don ƙiba. Shi ma yana ɗaga jini da suga. In Hajiya ta yi makonni tana shansa, kada a yanke shi rana ɗaya, likita ne zai rage shi a hankali.

Saboda haka ki ɗauki ledar yadda take, ki kai wa likitanta ya ga ƙwayoyin da idonsa, ki roƙa a yi mata gwajin ƙoda. Kafin nan, farasitamol ya fi sauƙin haɗari, a gasa gwiwar da ruwan ɗumi safe da yamma. Maganin asibiti kuwa kada ta tsallake ko da kwana ɗaya.

Tunda lokacin mura ne, ki duba bayan kwalin duk maganin da za ki saya. In kin ga pseudoephedrine ko phenylephrine, ki ajiye shi, suna matse jijiyoyin jini.

Sai kuma kicin. Kunun kanwa da iyayenmu ke so a sanyin nan, kanwar cike take da sodiyam, shi ne abin da ake gudu a gishiri. A rage ta, a rage dunƙule a miya. Goro ma, in tana ci, kada ya wuce ɓari.