Takardar Turanci ta kwana uku, da sauran tambayoyinku na wannan mako

Wata uwa daga Marwa ta rubuto: "'Yata ta samu gurbin horon koyar da Turanci a Yawunde, kuma ba ta taɓa wuce Garwa ba. Tun da sunanta ya fito barci ya ƙaurace mini. Me zan saya mata, ina kuma za ta sauka?"

Hajiya, Allah ya sanya albarka, ki kwantar da hankalinki. Unguwar Birkiteri cike take da Hausawa da Fulani, ga masallatai, ga tuwo, ga 'yan tsire, ba za ta rasa wanda zai amsa mata sallama ba. Amma kada a biya ko dala kuɗin ɗaki sai wani naku ya shiga ya gani da idonsa. Ya dubi gindin bango: in akwai baƙin shati, ɗakin yana shan ruwa, kuma Yawunde damina biyu take yi a shekara. Ta bi mota zuwa Ngaundere, ta hau jirgin ƙasa na Camrail da ke kwana a hanya, ki daure ki biya mata taragon gado. Kayan saye kaɗan ne: gidan sauro, laima mai ƙwari, takalmin roba, rigar sanyi ɗaya. Wanki a can ba ya bushewa kamar na Marwa, kayan fata kuma fumfuna suke yi, saboda haka takalman biki su zauna a gida. Kuka da daddawa da yaji a zuba su a kwalba mai murfi. Jerin akwatuna kuwa a bari sai lokacin lefe.

Wani matashi daga Garwa ya ce ya ga talla a Facebook: takardar TEFL (shaidar koyar da Turanci ga masu wani harshe) "ta ƙasa da ƙasa" cikin kwana uku, sefa dubu 75, a tura ta waya, har da alkawarin aiki a Tailan. Yana tambaya ko ya sayar da babur ɗinsa.

Ɗana, ka riƙe babur ɗinka da hannu biyu. Wasiƙu irin taka sun ishe ni, kuma duk labarin ɗaya ne: hoton Bature yana murmushi, tambari mai ruwan zinare, da lambar WhatsApp da ke daina shiga ranar da kuɗi suka faɗa. TEFL ba sunan wata makaranta ba ne, ba kuma wata hukuma ɗaya ke riƙe da shi ba. Duk mai kwamfuta da injin buga takarda zai iya manna haruffan nan huɗu a kan kwali. Ka gwada da abin da aka sani. CELTA, takardar koyar da Turanci ta Cambridge, awa 120 ce, wajen mako huɗu zuwa biyar in kullum ake yi, kuma a ciki dole ka tsaya awa 6 gaban ɗalibai na gaske, mai horarwa yana zaune a baya yana rubuta kurakuranka. Ta Trinity da ke Landan ma awa 6 ɗin nan take nema. To wa zai kalli koyarwarka cikin kwana uku ta waya?

Abin da ke ba ni haushi, yaranmu sun ɗauka takarda ce ke koyarwa. Ka shiga aji da ƙarfe ɗaya na rana a watan Afrilu, kwano ya ɗau zafi, yara huɗu-huɗu a benci, rabinsu da Fulatanci suke tunani, da Faransanci suke rubutu. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, yaushe ake cewa since, yaushe ake cewa for?" A nan kwalin nan mai ruwan zinare zai bar ka tsirara a kasuwa. Wanda aka taɓa tsayarwa gaban allo aka gyara masa ya san zai ja layin lokaci da alli, ya ba da misali biyu, ya sa su maimaita, ajin bai watse ba.

In makarantar gwamnati kake hari, hanyarta sananniya ce: jarrabawar shiga ENS, babbar makarantar horon malamai, ka fito da DIPES, takardar koyarwa a sakandare. Ta Marwa tana nan tun 2008, ba sai ka tsallaka daji ba. Kuɗin rajistar jami'ar gwamnati sefa dubu 50 ne a shekara, ƙasa da abin da ɗan damfarar nan ke nema na kwana uku. In kuma Turancin ne bai zauna ba tukuna, ka fara da cibiyar koyon harsuna ta gwamnati da ke nan Garwa. Duk wata makaranta mai zaman kanta, ka tambaye su awa nawa za ka koyar ana kallonka, wa zai kalle ka, ina gininsu yake, kuma su haɗa ka da wanda ya gama bara ka ji daga bakinsa. Kuɗi su shiga asusun makaranta, a ba ka rasit. Lambar wayar mutum ɗaya ba asusun makaranta ba ce. Maganar Tailan kuma, makarantun can digiri suke fara tambaya, kuma duk wanda ya ce ka miƙa masa fasfonka ya "ajiye maka", ka tashi ka bar wurin.

Daga Kuseri wani yana tambaya: Buya ko Gana, ina Turancinsa zai fi gogewa?

Malam, jami'ar Buya da Turanci take koyarwa tun 1993, wannan gaskiya ne. Amma yankin yana cikin rikici tun ƙarshen 2016, an sha kai wa makarantu da malamai hari, kuma ranar Litinin mutane zaman gida suke yi a wurare da dama. Ba na ba ka shawarar zuwa sai kana da mai masauki da ya san gari, kuma ban da tafiyar dare. Ka kuma sani a tasha da kasuwa Pijin za ka fi ji, ga ruwan sama a gindin Dutsen Kamaru da kan yi kwanaki bai ɗauke ba. Gana kuwa sai da katin rigakafin shawara. In ka je ka tare a Nima ko Zangon Kumasi, daga shayi sai hira, to Hausarka ce za ta dawo da ƙiba.

Na ƙarshe, wani yana so in zaɓar masa tsakanin kwat da sabuwar iPhone, "don ɗalibai su girmama shi". Haba! Kwat a zafin Garwa? Ka ɗinka yadi biyu masu sauƙi, ka sayi ƙamus na gaske, ka buɗe tsakiyarsa tun a shago don na jabu shafuka kan ɓace. Canjin ka kai wa mahaifiyarka.