An ce in sa kwamfuta ta ƙirƙiro ɗalibai, wannan ba ƙarya ba ce?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar lissafi ce a wata sakandare a Argungu, ina digiri na biyu a fannin ilimi. Na koyar da aji ɗaya da tsarin aikin rukuni, ɗayan kuma yadda aka saba, kowane aji ɗalibai 40. Gwajin t, wanda ake kwatanta matsakaicin makin aji biyu da shi, ya ba ni p = 0.03, ƙasa da 0.05 ɗin da ake ɗauka a matsayin alamar akwai bambanci, na yi ta murna. Ranar gabatar da aikin sai wani malami ya ce in je in yi simuleshan na Monte Kalo in ga ko sakamakon zai tsaya. Da na bincika aka ce kwamfuta ce za ta ƙirƙiro makin ɗaliban da babu su. Malam, wannan ba shi ne ƙagen alkaluman da ake hana mu ba? Kuma na ji an ce sunan ma na gidan caca ne.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba da sa'ar karatu.

Ƙage shi ne ki zauna a ɗaki ki cika takardun ɗaliban da ba ki koyar ba, ki kai ki ce ga sakamakon aji. Abin da aka ce ki yi daban ne. Makin da kwamfuta za ta fitar ba zai shiga cikin makin ɗalibanki ba, kuma za ki rubuta ƙarara cewa na kwaikwayo ne. Ba ɗaliban ake aunawa ba, ma'aunin ake aunawa. In kina shakkar sikelin mai shago, ai ba kya gwada shi da buhun da ba ki san nauyinsa ba. Dutsen kilo ɗaya kike ɗora masa, ki ga abin da zai ce. To haka nan, a kwamfuta muke gina ajin da mu muka san gaskiyarsa tun farko, mu miƙa wa gwajin t, mu ga ko zai faɗi gaskiyar.

Maganar caca kuwa, a suna ta tsaya. Stanislaw Ulam, masanin lissafi da ya yi aiki a cibiyar bincike ta Los Alamos a Amurka, yana jinya a 1946 yana ɗebe kewa da wasan karta na mutum ɗaya, sai ya so ya lissafa yiwuwar cin wasan. Lissafin ya gagara, ya ga ashe ya fi sauƙi a buga sau da yawa a ƙirga sau nawa aka ci. Shi da John von Neumann suka mayar da wannan tunani dabarar aiki, abokin aikinsu Nicholas Metropolis kuma ya raɗa mata sunan gidan cacar Monte Kalo da ke Monako, don tsokanar Ulam da wani kawunsa mai yawan zuwa can. Babu kuɗin da ake zubawa, babu wanda ake cinyewa. Ƙuri'a ce kawai.

Abin dariyar ma, gwajin t ɗin da kika amince da shi ta wannan hanya aka fara tabbatar da shi. William Gosset, wanda ya wallafa shi a 1908, ya rubuta awon tsayi da na yatsan fursunoni 3,000 a ƙananan kwalaye, ya cakuɗa, ya riƙa ɗebo huɗu-huɗu har kashi 750, da hannunsa, don ya ga ko lissafinsa ya dace da abin da ke fitowa.

Yanzu mu zo kan aikinki, domin ina jin na gane abin da malamin nan ya hango.

Gwajin t yana ɗauka cewa ɗalibanki 80 kowa zaman kansa yake, makin wannan bai da alaƙa da na wancan. A makaranta ba haka abin yake ba. 'Yan aji ɗaya sun haɗa malamin bara, sun haɗa ɗaki, sun haɗa lokacin darasi. Wani ajin lissafinsa da sanyin safiya, wani bayan tara, rana ta take, yunwa ta fara. Wani ajin ma tun wajen rabo aka tara masa masu ƙoƙari. Ke 'yar ƙasar shinkafa ce: in mai saye ya ɗebi hannu 40 daga buhu guda, me ya sani? Buhun nan guda ya sani. Bai san shinkafar fadamar ba.

Ga yadda za a gina gwajin. Mu ɗauka matsakaicin maki 50 ne, kuma kashi 20 cikin 100 na bambancin maki daga aji yake fitowa, sauran 80 daga ɗalibi. Kwamfuta za ta fara jefa ƙuri'ar sa'ar aji: misali aji na farko ya samu ƙarin maki 4, na biyu ya samu ragin 3. Sannan ta jefa wa kowane ɗalibi tasa ƙuri'ar a kan ta ajinsa. Ki lura, ba mu saka wa tsarin aikin rukuni ko maki ɗaya na fifiko ba. A wannan duniyar da muka gina, hanyoyin koyarwar biyu daidai suke, mu muka yi su haka. Sai a yi gwajin t, a rubuta ko p ta gaza 0.05. A share, a sake. Sau 10,000.

Da ma'aunin lafiya lau yake, sau 500 kacal ya kamata ya ce akwai bambanci, wato 5 cikin 100 ɗin da muka yarda mu yi kuskure. Abin da za ki gani kusan sau 5,500 ne. Fiye da rabi. Ko da kin rage rabon aji zuwa kashi 10, zai yi ihun ɓarawo kusan sau 39 cikin 100 alhali ba a ɗauki komai ba. Na sha faɗa wa ɗalibai wannan da baki suna gyaɗa kai don ladabi, amma ranar da suka ga lambar ta fito a kwamfutarsu sai ajin ya yi tsit. Gani ya kori ji.

Saboda haka p = 0.03 ɗinki ba ta ce tsarin rukuni ba shi da amfani ba, kuma ba ta ce yana da shi ba. Cewa ta yi azuzuwan nan biyu sun bambanta, abin da ko shugaban makarantarku zai iya gaya miki. Akwai ɗan lissafi da ke nuna girman asarar: a ninka 39 (ɗaliban aji 40, a cire ɗaya) da 0.2 (kashi 20 ɗin aji), a ƙara 1, ya ba da 8.8. In aka raba 80 da 8.8, ɗalibanki nauyin mutum 9 suke da shi a wajen hujja. Da ɗaliban 80 ɗin nan daga azuzuwa 20 suka fito, huɗu-huɗu, da nauyinsu ya kai na mutum 50.

Kada ki ɗauka ke kaɗai ce. Wannan tsari na aji guda nan, aji guda can, ya cika kundayen digiri na fannin ilimi, kuma ban ga laifin ɗalibai sosai ba. Wane shugaban makaranta ne zai bari ki wargaza masa jadawali ki raba yara da ƙuri'a? Abin da nake ƙi shi ne a kammala da cewa "an tabbatar", har a ba ma'aikatar ilimi shawarar sauya manhaja.

Inda dabarar ta fi amfani ma kafin a shiga aji ne. A nan sai a saka fifikon da gangan, a ga sau nawa gwajin zai kama shi. In fifikon matsakaici ne, rabin ma'aunin warwatsuwar maki, kuma ɗalibai aka raba da ƙuri'a ɗaya-ɗaya, mutum 30 a kowane ɓangare ba sa kama shi ko sau 50 cikin 100. Sai an kai 64 a kowane ɓangare ake samun 80 cikin 100. Masu nazarin halayyar ɗan Adam ma da wannan dabarar suke aiki: tun 1965 John Horn ya kawo shawarar a kwatanta amsoshin takardar tambayoyi da lambobin ƙuri'a zalla, don a san ɓangarori nawa takardar ke aunawa da gaske. Bradley Efron kuma a 1979 ya fito da hanyar sake ɗiba daga cikin alkaluman da mutum ya tara da kansa.

Sai dai kwamfuta abin da kika zuba mata shi take dafawa. Kashi 20 ɗin nan zato ne na misali, ba awon makarantun Kabi ba ne. Don haka ki gwada 5, ki gwada 10, ki gwada 20, ki kawo duka a tebur guda. Ki kuma rubuta lambar da kika fara ƙuri'ar da ita, domin duk wanda ya maimaita ya samu abin da kika samu. Kada ki tsaya a maimaici 1,000 in kina iya fi. A nan 5 cikin 100 kan yi lilo tsakanin 3.6 da 6.4 saboda ƙuri'ar kanta.

Shawarata, in zangon karatu bai ƙure miki ba, ki nemi ƙarin azuzuwa, ko da a makarantun Birnin Kebbi ko Jega ne ta hannun abokan aiki, a raba azuzuwan da ƙuri'a, a yi nazari a matakin aji. In kina da makin gwajin farko kafin koyarwa, ki shigar da shi, yana rage matsalar ko da bai kashe ta ba. In kuwa lokaci ya ƙure, ki bar sakamakonki yadda yake, ki ɗora teburin simuleshan a gefensa, ki faɗi iyakar abin da aji biyu za su iya nunawa. Manhajar lissafi ta R da za ki yi simuleshan ɗin da ita kyauta ce, bayan an sauke ta ba ta buƙatar intanet, aikin kuma bai fi layi goma sha biyar ba. Cajin laftof ɗinki ba zai ko motsa ba za ta gama.