Tambayi Gwaggon Kicin: yajin naman tako, a kasuwarmu ake hada shi

Assalamu alaikum 'yan uwa mata da mazan da suke leko mu a boye. Wannan makon wasiku sun taru akan abu daya, wai tako, abincin nan na mutanen Meziko da ake sa nama mai yaji a cikin 'yar waina fale fale a ninke, dan haka na hada su wuri guda in amsa, sauran tambayoyin na miyar yakuwa da cincin ku kara hakuri sai fitowa ta gaba.

Tambaya daga Maman Ikram, Domayo, Marwa: Gwaggo barka da aiki. Dan Allah yarana ne suka dameni da tako da suke gani a waya, kanwar mijina ta taba kawo mana yajinsa na fakiti daga Yawunde mukayi sau daya yayi dadi sosai, to ya kare kuma nan na zaga butik butik ban samu ba. Na gwada hadawa da kaina yadda na gani a intanet, sunce cokali babba na chili powder, na zuba barkono cokali daya wlh ba wanda ya iya ci har mai gidan ma. Ina kuskuren yake kuma yaya zan hada?

Maman Ikram sannu, Allah sarki yaran nan, nasan ranar an sha ruwa. Matsalar daga wannan chili powder din take. Abinda Amurkawa suke kira haka ba barkono zalla bane irin namu, hadi ne, yawancinsa garin wani busasshen tattasai ne mai duhu wanda zafinsa kadan ne, sannan an riga an zuba masa kamun ('ya'yan kamshin girki da Turawa suke kira cumin) da tafarnuwa da ganyen oregano a ciki. To ke kin dauko barkono tsiduhu na Marwa kin cika cokali, ai dole. Abinda yafi kusa da nasu a wurinmu shine busasshen tattasai, shi zaki sa ya zama uwar hadin, barkono kuma dan kadan a bayansa dan ya tada baki kawai.

Kuma bari in fada miki wani abu da zai kwantar miki da hankali akan fakitin nan, su kansu mutanen Meziko masu tako na asali ba dashi suke girki ba. Yajin fakiti abin Amurka ne, irin girkin da ya taso a Texas da kewaye, kamfanoni irin su Old El Paso suka daure shi a takarda, sai gidan abinci na Taco Bell da Glen Bell ya bude a Kalifoniya a 1962 ya yada irin wannan nikakken naman mai yaji har duniya ta dauka shine tako. Fakiti daya bai wuce giram 28 zuwa 30 ba, na naman da bai kai rabin kilo ba ma, kuma in kin juya bayansa kika karanta gishiri da garin sitaci sune suka ci kaso mai yawa. Kudin da zaki bayar a babban kanti akan fakiti daya ya isa ki hada kwalba guda a gida, ni dai ban ga dalilin aike har Yawunde ba.

Ga yadda nake yi. Cokali babba ina nufin na cin abinci wanda yake daukar mililita 15, karami kuma na shayi mai 5, a shafe ba a tula ba. Garin busasshen tattasai babban cokali 4, kamun babban cokali 2, garin tafarnuwa babba 1, garin busasshiyar albasa babba 1, sai kananan cokula: barkono 1 (in yara zasu ci rabi ma ya isa), masoro 1, kusbara (wato coriander) 1, busasshen tayim 2 a madadin oregano tunda shi ba ko ina ake samu ba, gishiri 2. In kina so romon ya kama jikin naman ki kara babban cokali daya na Maizena ko garin masara da kika tankade da rariya mai laushi. Wasu suna sa garin busasshen tumatir cokali daya, ina so nima, yana kara ja da dan tsami.

Amma duk wannan lissafin in kamun dinki ba mai kyau bane aikin banza kikayi, shine kamshin da yaranki suke tunawa ba tattasan ba. Ki sayi 'ya'yansa kar ki sayi wanda aka riga aka nika aka kulla a leda ya sha rana a tebur, wannan kamshinsa ya dade da tafiya. Ki dora kasko busasshe ba mai a wuta kadan, ki zuba kamun da kusbara kina juyawa minti daya zuwa biyu, da kinji kamshi ya tashi kuma launin ya dan kara duhu ki juye a faranti nan take, kar ki barshi cikin kaskon wai ya huce domin zai cigaba da konewa kuma konannen kamun daci ne dashi wanda ba abinda zai gyara. Ya huce sannan ki daka. Tattasan kuma ki fasa ki zubar da 'ya'yan da hancin, ki kara shanya shi wuni daya ya bushe karau, in ba haka ba turmi zai rika dankarewa kina ta fama. Albasa kuwa ai ku 'yan Marwa ba wanda zai koya muku, ki yanka siriri ki shanya akan tire a rufe da yadi mara kauri saboda kura da kuda, tafarnuwa ma haka.

Sannan abinda bana so ki sa: kuli-kuli, kimba, kanumfari, citta mai yawa. Nasan hannu yana kaikayi, mun saba in ance yajin nama sai an jefa su, to da kin sa kin koma yajin tsire, zaiyi dadi amma yaran zasu ce miki Mama wannan ai soya ce ba tako ba.

Wajen dafa naman, rabin kilo na nikakken naman sa mai dan kitse kadan, ki sa a kasko mai zafi ki barshi ya soyu yayi ja kafin ki fara farfasa shi, in ya fitar da mai da yawa ki tsiyaye. Sai ki zuba hadin babban cokali 2, ki juya shi cikin man kamar rabin minti, sannan ruwa kamar rabin kofin shayi ko sama kadan, ki rage wuta ya dahu minti 5 zuwa 10 har ruwan ya kusa shanyewa. Nikakken nama ba'a barinsa da ja a ciki, ba kamar tsoka guda bane, injin nika ya riga ya cakuda na waje da na ciki dan haka sai ya dahu sosai. A karshe ki matsa lemun tsami.

Tambaya daga Hajiya Balaraba, Njamena: Gwaggo naje kasuwar gero nace a bani kamun sai mai kayan ya tambayeni fari ko baki, na karbi bakin. Shine ko ba shi ba?

Ba shi bane Hajiya, habbatus sauda aka baki, ki ajiye ta dan shayi da zuma da burodi. Wanda kike nema dogo ne siriri launin kasa kasa mai layi layi a jiki, ki murza a tafin hannu ki shinshina kafin ki biya. Ku a Njamena ma kun fi mu samun mai kyau wurin masu kayan kamshin girki na Larabawa, dashi da kusbara da shatta, wato barkono, duk a tebur daya, mutanen Kusiri ma gadar Ngeli suke tsallakowa su saya. Tafarnuwar Abeshe kuma in kin samu ki rike ta, kanana ce amma karfinta yafi na manyan nan farare da ake shigowa dasu, dan haka ki dan rage awon.

Tambaya daga wani dalibi a Ngaundare, yace a sakaya sunansa: Gwaggo ni takos din da muke ci a gari an nade shi ne kamar shawarma da soyayyen dankali a ciki da miyar cuku, ba irin wanda nake gani a bidiyon Amurka ba. Wanne ne na gaskiya, kuma wannan yajin zai shiga?

Dana, wanda kake ci na Faransa ne, a yankin Lyon aka kirkiro shi, daga can ya biyo hanya ya shigo garuruwanmu masu Faransanci, sunan kawai suka hada da na Meziko sai kuma fatar da ake nadewa. Na Meziko karami ne, 'yar waina ce fale fale ta masara wadda bata wuce tafin hannu ba, a dora nama da yankakkiyar albasa da ganyen kusbara da miyar barkono a ninke biyu a ci a tsaye. Masarar ma ba haka kawai suke nikawa ba, sai sun dafa ta da ruwan farar kasa ko toka tukuna, shi yake sa kullun ya kama jikinsa kuma ya kara amfani a jiki. Kuma kasan barkono da tumatir da masarar nan da muke ganin kamar tun kaka da kakanni namu ne duk daga nahiyar Amurka suka zo bayan Turawan Sifen da Fotugal sun isa can, su kuma kamun da kusbara da shanu Turawan ne suka kai musu daga wannan bangaren. Wato kayan sun dade suna kai da kawo, ba wani bakon abu bane a tukunyarmu.

Yajin zai shiga na Faransan sosai in nikakken nama zaka sa, sai dai ka rage gishiri saboda cuku da mayonez. Abu daya zan ja maka kunne tunda naga ku samari kuna son tafiye tafiye, in Allah ya kaika kasashensu ka tambaya kafin ka ci, tako da ake kira al pastor da carnitas naman alade ne, kuma wani lokacin har fatar ta fulawa da kitsen alade ake murza ta. Shi al pastor din ma daga shawarmar 'yan Labanan da sukayi hijira zuwa Meziko ya samo asali, sanda mai juyawa da komai, naman ne aka canza.

Fatar kuma in baka samu ta kanti ba kar ka damu, fulawa kofi 2, mai babban cokali 3, gishiri, ruwan dumi, ka murza ka barshi ya huta rabin awa, ka yi fale fale ka gasa a busasshen kasko. Mutanen Cadi kuwa kisra, wainar nan tasu fale fale mai dan tsami, tana gabansu, ninka biyu saboda kar ta yage, tsamin ta yana tafiya da naman nan fiye da yadda kake zato.

Tambaya daga Amarya Zulai, Garwa: Gwaggo na hada yaji cikin damina sati biyu ya dunkule ya zama dutse, kuma mai gidana yana da hawan jini likita ya hana shi gishiri da yawa. Ya zanyi?

Amarya Allah ya bashi lafiya. Garin albasa da na tafarnuwa sune masu jan danshi, ga Garwa bakin Binuwai ga zafi, dole ya dunkule. Kwalbar gilashi mai murfi da yake rufuwa gam, ki wanke ta bushe sarai, kar ki ajiye kusa da murhu ko taga, kuma kar ki kuskura ki girgiza kwalbar akan tukunya tana tururi, da busasshen cokali zaki diba ki rufe. Babban hadi ki bari sai hunturu lokacin da komai yake bushewa da kansa, da damina kiyi na sati biyu ko uku kawai, ko ki cire albasa da tafarnuwa daga garin gaba daya ki rika sa danyu lokacin girki, ni nafi son hakan ma. Wanda ya dunkule in ba wari ba canjin launi ki sake dakawa kiyi amfani dashi, amma tattasai ko barkonon da kika fasa kika ga fari fari ko baki a cikinsa ya yi fumfuna, zubarwa ake yi, wuta bata kashe dafin da yake bari. Hadin da ya bushe da kyau zai kai wata shida, bayan nan ba lalacewa yake ba kamshin ne yake raguwa.

Maganar mai gida kuwa nan ne hadin gida yafi na fakiti nesa ba kusa ba, tunda ke kike rike da gishirin. Hukumar Lafiya ta Duniya tace babba kar ya wuce giram 5 na gishiri a wuni, kusan karamin cokali daya kenan, har da wanda yake cikin dunkulen magi da burodi. Ki hada naki ba gishiri ko kadan, ki kara kamun da garin tumatir, in naman ya dahu ki debi nasa ki matsa masa lemun tsami da yawa da danyar albasa, sannan ki sa ma sauran gishiri. Magi kuma kar ki ce zaki rama dashi, shima gishirin ne, in ya zama dole rabin dunkule ya ishi rabin kilo, kuma ki cigaba da bin abinda likitansa ya fada akan awon.