Tambayi Mai Gyara: duwal-kwa mai gudu ko kwad-kwa mai hannu huɗu?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, ya aiki ya haƙuri da zafin Legas. Ina da ɗan shagon buga takardu a Agege kusa da titin jirgi, katin biki da kalanda nake yi da CorelDraw, kwanan nan kuma na fara karɓar haɗa bidiyon biki da na suna. Kwamfutar tsohuwa ce, bod ɗin Gigabyte mai P45, ram 4GB DDR2, furosesa Pentium E5200 wanda wani yaro ya tura min shi, wato ya ƙara masa gudu, daga 2.5 zuwa 3.2GHz kuma har yau bai ba ni matsala ba, amma in na sa bidiyo yana fita sai in je la'asar in dawo in sha shayi bai gama ba. Na shiga Computer Village na ga furosesa guda biyu na hannu, E8400 da Q6600, kuɗinsu kusan ɗaya, wani ya ce E8400 don yana kaiwa 4GHz wani ya ce a'a Q6600 ai 2.4 sau huɗu ne wato 9.6GHz. Wallahi kaina ya kulle. Dan Allah wanne zan ɗauka, kuma kar ka ce in sayi sabuwa don babu hali.
Mai karatu daga Agege

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Mai 9.6GHz ɗin nan ka gaishe min da shi, amma lissafin dokin Rano ya yi maka. E8400 duwal-kwa ne, wato ƙwaƙwalwa biyu a ciki, Q6600 kuma kwad-kwa mai huɗu, amma ba a tara gudun ƙwaƙwalwar furosesa haka. Ka taɓa tsayawa a Mile 12 da asuba ana sauke tirelar tumatir? In kwanduna ɗari ne a mota, 'yan dako huɗu masu matsakaicin ƙarfi za su riga ƙarti biyu gamawa komai zafin namansu. Amma in aike ɗaya ne, a kai wa Alhaji takarda a ƙarshen kasuwa, mutum ɗaya ne zai je, sauran ukun suna zaune suna cin goro, wanda ya fi sauri shi ya ci. To fitar da bidiyo sauke tirela ne, ana raba shi gida huɗu lafiya lau. Yawancin abin da kake yi a CorelDraw kuwa aike ne.

E8400 ya fito a farkon 2008, ƙwaƙwalwa biyu, 3.0GHz, kuma ba ya cin wuta sosai, wat 65 aka rubuta masa. Shi kam tura shi daɗi ne da shi, gudunsa shi ne FSB, wato gudun layin da ya haɗa shi da bod, sau lambar ninkinsa wadda 9 ce, ka ɗaga FSB daga 333 zuwa 400 ka samu 3.6GHz cikin ruwan sanyi, kuma gaskiya ne da yawa suna kaiwa 4GHz in an dace. Q6600 ya girme shi da shekara ɗaya, na 2007 ne, a zahiri duwal-kwa biyu ne Intel ta haɗa a gida ɗaya, 2.4GHz, shi ma ninkin 9 amma FSB ɗinsa 266. Ka kai shi 333 ya zama 3.0GHz, sau da yawa ko ƙarin boltej ba ya nema. Ka ga kenan kana da huɗu masu gudun 3.0 a gefe guda, biyu masu 3.6 ko 4.0 a ɗaya gefen.

A zamanin da aka yi ta wannan musu, wajen 2008, masu cewa E8400 suna da gaskiya don yawancin gem da manhajoji ba su san hawa ƙwaƙwalwa huɗu ba. Yanzu zance ya canza. Chrome kaɗai da shafi goma a buɗe da WhatsApp da Windows tana nata sabuntawa a ɓoye sun isa su shaƙe duwal-kwa. Kuma kai duwal-kwa kake kai yanzu a 3.2, in ka koma E8400 za ka ji ɗan sauƙi saboda ma'ajiyarsa ta ciki 6MB ce taka 2MB, amma shayin nan sai ka sha shi kafin bidiyo ya fita. Kwad ɗin za ka ɗauka.

Sai dai akwai sharaɗi. Q6600 kala biyu ne, ka sa a goge man da ke samansa ka karanta rubutun da idonka, kar ka yarda da "na you I go give better one". In ka ga SLACR shi ne sabon bugu da ake kira G0, wat 95, shi ake nema. In ka ga SL9UM tsohon ne B3, wat 105, ya fi zafi kuma ba ya turuwa kamar ɗan uwansa, ajiye musu kayansu. Sannan tunda bod ɗinka P45 ne ka tambaya ko akwai Q9550 a layin, 2.83GHz ne da 12MB, ƙirarsa irin ta E8400 ce ta nanomita 45, ya fi Q6600 sanyi da gudu. In ƙarin kuɗin bai taka kara ya karya ba shi ne zaɓina na farko.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne, don a Legas ba furosesa ke kashe kwamfuta ba, wuta ce da zafi. Turawan da kake ganin suna kai Q6600 3.6GHz a ɗaki mai sanyi suke, kai kuwa shagonka rufin kwano ne, iska ga zafi ga damshi ga ƙurar titi, fanka ma zafi take hurowa. Kuma in ka ƙara boltej cin wuta ba a hankali yake hawa ba, tsalle yake. Ni na taɓa ƙona bod da hannuna a kan haka. Na sayi fawa-fak, akwatin da ke ba kwamfuta wuta, a wajen wani mai shago, an rubuta 500W ɓaro-ɓaro a jiki amma da ka ɗaga shi kamar gwangwanin madara ba komai ciki, na ce ai rubutu ba ya ƙarya, na ɗora kwad na tura shi 3.4, ina cikin gwaji aka ɗauke wuta yaro ya tayar da ɗan janareto ya juya layi ba tare da ya gaya min ba, sai ƙas! da wani wari kamar an ƙona leda. Bod ya tafi, ram ɗaya ya bi shi, furosesan kuwa ko gezau, har yau yana nan cikin durowa.

Saboda haka kafin kwad ya shiga, ka buɗe kes ɗin ka duba fawa-fak, in mara nauyi ne mara suna ka canza, gara na hannu mai suna irin su Corsair ko Seasonic da sabo na bogi. Ka haska tocila kan ƙananan gwangwanayen da ke kewaye da soket, in ka ga wanda kansa ya kumbura ko ya yi tsatsa-tsatsa bod ɗin ya gaji, kar ka ɗora masa wat 95. Fankar Intel ta asali wadda ta zo da E5200 siririya ce, ba za ta riƙe kwad ba, nemi mai doguwar hasumiya da bututun tagulla, da sabon man shafawa ɗan ɗigo kamar ƙwayar wake. Ka mayar da BIOS, wato saitin da ke cikin bod, yadda ya zo daga kamfani tukuna kafin ka cire tsohon furosesa, saitin yaron nan na E5200 ne. In ya ƙi tashi cire batirin bod na minti kaɗan ka mayar. In kuma sai an sabunta BIOS, don girman Allah a kan UPS ko inbata, NEPA ta ɗauke a tsakiya bod ya zama faranti.

Ka kai shi 3.0GHz ka tsaya. Ka kunna Prime95, manhajar da ke ɗora wa furosesa nauyi don gwaji, ya yi awanni da tsakar rana lokacin da shagon ya fi zafi, ba da dare ba, kana kallon zafinsa a manhajar Core Temp, in yana wuce digiri 70 ka sauko. Bambancin 3.0 da 3.4 'yan mintoci ne a bidiyo, bai kai bidiyon amarya ya tsaya a rabi kwastoma na tsaye a kanka ba.

Canjin da ya rage ka sa a SSD, ma'ajiya mai sauri a maimakon had-dis, da ƙarin ram zuwa 8GB, ni a ganina SSD ma za ka fi jin sa a jiki kullum. Ka kuma sani wannan gyaran na ɗan lokaci ne, Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, kuma Windows 11 24H2 ba ta tashi sam a kan Core 2 ko wanne iri ne. Ka riƙa tara na i5 a hankali.

TAMBAYA: Oga ni Dell OptiPlex tokumbo gare ni da Q6600 a ciki, na shiga BIOS na duba ko'ina ban ga wurin tura shi ba.
Ɗalibi daga Idi-Araba

AMSA: Ba za ka gani ba ƙanina, kwamfutocin ofis irin Dell da HP a kulle BIOS ɗinsu yake zuwa. Akwai dabarar liƙa ɗan salatif a kan ɗaya daga cikin ɗigogin zinaren da ke ƙasan Q6600 sai bod ya ɗauka na FSB 333 ne ya tashi a 3.0GHz, tana aiki in bod ɗin ya san FSB 333 ɗin, wanda ake rubutawa 1333. Amma in siririyar ce wadda ake kwantarwa a tebur ka bar ta yadda take, fawa-fak ɗinta ƙarami ne kuma iska ba ta zagayawa a ciki.

TAMBAYA: Malam don gem kawai, Pentium G3258 in tura shi ko i5 na soket ɗaya?
Daga Obalende

AMSA: i5. G3258 na 2014 abin sha'awa ne, lambar ninkinsa a buɗe ta zo kuma yana wuce 4GHz cikin sauƙi, amma a shekarar da ya fito ma Far Cry 4 ƙin tashi ya yi a kansa, baƙin allo kawai, saboda ƙwaƙwalwa biyu ce. In i5-4690K ka samu da bod ɗin Z97 shi ma yana turuwa.